Kundin aiki: sharar da kuskure ke bari a ɓangaren kulle

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda aikin zai ci makonni, kuma ina so abin da na gano kowace rana ya zauna a rubuce.

Manhajar da muke kula da ita tana riƙe lissafin kaya da na ciniki na wani babban shagon sari a nan Kano. Masu karɓar kuɗi suna gaba, sito yana baya, ofishin lissafi yana sama. Rumbun bayanan na gida ne, an rubuta shi da yaren C tun kafin in zo. Wanda ya rubuta ɓangaren kulle, wato tsarin da ke hana mutum biyu ɓata wa juna aiki a kan bayani ɗaya, ya bi sawun rumbun bayanai na PostgreSQL ƙwarai: kowane mai amfani yana da nasa ma'aikacin, wato ɓangaren manhaja mai yi masa aiki, a cikin saba, uwar manhajar da kowa ke haɗuwa da ita, akwai allo guda a memorin haɗaka inda ake rubuta wanda ke riƙe da me, kowane ma'aikaci kuma yana da ɗan littafinsa na kansa da yake tuna abin da ya karɓa. Idan kuskure ya auku, ana tsalle da longjmp zuwa wurin da aka fara damin aikin, a warware shi duka. Damin aiki nake kiran jerin canje-canjen da dole su shiga tare ko su fasa tare, kamar rage kaya a sito da rubuta kuɗin da aka karɓa.

Kulle iri uku muke da su. Na karatu, wanda mutane da yawa kan riƙe lokaci guda. Na rubutu, shi ma yana zama da 'yan'uwansa domin kowa layinsa yake taɓawa. Sai na keɓewa, wanda ba ya zama da kowa. Shi ake ɗauka a kan teburin kaya idan za a rufe lissafin yini.

Ƙorafin da ake kawo mana guda ne, ya kuma daɗe: allon masu karɓar kuɗi yakan tsaya cak. Babu saƙon kuskure, babu motsi. Ranar Asabar babbar mai karɓar kuɗi ta kira ni, ina jin hayaniyar shago a bayanta. Ta ce, “Malam, ta sake tsayawa fa. Ga mutum da kaya a kan kura, mun kasa ba shi rasit.” Na ce, “Hajiya, a yi haƙuri, a kashe saba a kunna.” Maganin da muke bayarwa ke nan tun bara, kuma raina ba ya so, domin kashewa da kunnawa share allon kulle kawai yake yi, ya tafi da shaidar da nake buƙata.

Yau na zauna na karanta rajistar saba ta duk ranakun da aka kira mu. Kafin kowace tsayawa akwai ɗaya daga abu biyu: ko wani ya danna “fasa” yana cikin jira, ko wa'adin jira ya ƙare. Ban ga ko ɗaya da ta zo bayan aiki ya tafi lafiya ba. Don haka ba zan taɓa hanyar nasara ba tukuna. Hanyar kuskure zan bi, mataki-mataki.

Laraba, 8 ga Janairu

Na tayar da matsalar a kan kwamfutata, kuma zan iya maimaita ta duk lokacin da na so.

Tagogi huɗu na buɗe. Na farko ya fara dogon rahoto, yana riƙe da kullen karatu a kan teburin kaya. Na biyu ya nemi na keɓewa, aka sa shi a layi. Na uku da na huɗu suka nemi na rubutu. A ƙa'ida kullensu bai ci karo da na mai rahoto ba, amma ana ajiye su bayan na biyu, domin in ba haka ba mai neman keɓewa zai iya wuni bai samu ba, kullum wani na shigewa gabansa. Wannan daidai ne. Sai na fasa na biyu.

Na uku da na huɗu ba su motsa ba. Mutumin da suke jira ya bar layi, babu wanda ya faɗa musu. Fankshan ɗin shara, wato ɓangaren kod mai gyara allo bayan kuskure, ya zare sunan na biyu daga layin, ya tsaya nan. A kod ɗinmu wuri ɗaya kawai ake tashin masu jira, wato lokacin da mai riƙe da kulle ya saki. Ba a yi tunanin cewa ficewar mai jira ma tana iya buɗe wa na bayansa hanya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da jinkiri ne kawai: in rahoto ya ƙare, kowa ya tashi. Mai tsananin ita ce matsala ta biyu. Kowane kulle a allo yana da alama mai nuna irin da ake jira. Sabon mai nema yakan duba ta. In ya ga ana jiran na keɓewa, sai ya shiga layi ba musu. Sharar ba ta goge wannan alamar. Na bar rahoto ya ƙare, na uku da na huɗu suka tashi suka gama, teburin ya zama babu kowa a kansa. Na buɗe taga ta biyar na nemi kullen rubutu. Ya ga alama, ya shiga layi, ya kwanta. Babu mai riƙe da komai, saboda haka babu mai saki, babu mai tashinsa. Duk wanda ya zo bayansa haka.

Na daɗe ina mamakin me ya sa mai gano cirko-cirko bai taɓa yin magana ba. Yanzu na gane. Aikinsa neman da'ira ne, inda wannan ke jiran wancan, wancan ke jiran wannan. A nan babu da'ira. Mutane ne a layi suna jiran wanda ya riga ya tafi gida.

Na buɗe lock.c na PostgreSQL, a cikin src/backend/storage/lmgr, na karanta RemoveFromWaitQueue. Gajere ne. Yana zare ma'aikacin daga layi, ya rage adadin masu neman wannan irin, ya goge alamar jira idan babu sauran mai jiransa, sannan ya kira CleanUpLock domin a tashi duk wanda hanya ta buɗe masa. Abu huɗu. Namu na farko kawai yake yi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Faci na farko ya shiga: rage adadi, goge alama, tashin masu jira. Gwajin tagogi biyar ya wuce. Na mayar da shi gwaji mai tafiya da kansa, inda ake faɗa wa kowane ma'aikaci matakin da zai ɗauka da wanda zai jira, irin tsarin da PostgreSQL ke da shi a src/test/isolation. Na kuma ƙara layi ɗaya a sharar da ke rage maƙirgin manyan kulle, wato irin na keɓewa, domin na lura shi ma ana barinsa a sama. Ban zurfafa a kansa ba, zan dawo.

Litinin, 13 ga Janairu

Tsugune ba ta ƙare ba. Na bar gwaji yana juyawa tun daren Juma'a, ma'aikata suna nema suna fasawa ba tsari. Da safiyar yau na tarar ya tsaya. Wannan karon allon ya nuna akwai mai riƙe da kullen keɓewa, amma da na leƙa ma'aikacin da gdb, manhajar bin sawun kod, sai na same shi zaune ba ya komai, littafinsa fayau, babu kulle ko ɗaya a ciki.

Sai da na ɗauki takarda. Na ja layi biyu a tsaye, ɗaya na mai saki, ɗaya na mai jira, na riƙa rubuta abin da kowa ke yi daga sama zuwa ƙasa. Ƙurar hunturu ta riga ta kwanta a kan tebur, har hannuna na barin sawu a takardar. A karo na uku na ga inda bangon ya tsage.

Mai jira yana barci. Wa'adinsa ya cika, sigina ta iso, ya farka da niyyar fasawa. Kafin ya kama sakatar allon, wato ɗan makullin da ake riƙewa na ɗan lokaci yayin taɓa allon kansa, mai riƙe da kullen ya saki, ya duba layi, ya ga sunansa, ya ba shi kullen, ya rubuta a allo, ya zare shi daga layi. Yanzu mai jira ya kama sakata, ya duba layi, bai ga sunansa ba, ya ɗauka babu abin sharewa, ya wuce. Da aka zo warware dami, ana sakin abin da ke cikin littafinsa ne kawai, shi kuwa bai taɓa rubuta wannan ba, domin a saninsa bai samu ba. Kullen ya zama maraya: allo ya ce nasa ne, shi ya ce bai san zancen ba. Ma'aikatanmu kuma ba sa mutuwa bayan kowane ciniki, suna nan daga safe har a rufe shago, don haka kullen ma yana nan.

Tazarar da wannan ke faruwa a cikinta ƙanƙanuwa ce ainun, shi ya sa ake yin makonni ba a gani ba. Amma a shago ta fi yadda ake zato yawa, kuma dalilin na mutane ne. Mai lissafi yana ganin mai rahoto ya kusa gamawa, ya gaji da jira, ya danna fasa a daidai lokacin da wancan ke rufe nasa. Zuwa yamma kowa gaggawa yake, abubuwa suna haɗuwa.

A PostgreSQL amsar tana cikin LockErrorCleanup, a fayil ɗin proc.c. Yana dakatar da sigina, ya kashe agogon wa'adi, ya kama sakata, sannan ya tambaya: ina cikin layi har yanzu? In yana ciki, ya zare kansa. In ba ya ciki kuma an riga an ba shi, sai ya kira GrantAwaitedLock, wato ya rubuta kullen a littafinsa kamar ya karɓa lafiya, domin warwarewar da ke tafe ta sake shi ta hanyar da aka saba. Na so wannan dabarar ƙwarai. Ba su ƙirƙiri hanyar saki ta biyu don wannan hali ba. Sun gyara littafi ya dace da allo, suka bar hanya guda ta yi aikinta. Da farko na yi niyyar in saki kullen nan take a cikin sharar, har na rubuta rabi, sai na ga zan kwafi kusan duk fankshan ɗin saki, kuma gobe wani zai gyara ɗaya ya manta ɗaya. Na goge, na bi tasu.

Don gwaji na dasa wurin tsayawa tsakanin farkawa da kama sakata, wanda ake kunnawa a ginin gwaji kaɗai. PostgreSQL 17, wanda ya fito a Satumbar 2024, ya shigo da irin waɗannan wuraren dasa matsala. Namu layi kaɗan ne. Da shi abin da sai an kwana ana jira yanzu yana faruwa a kowane gwaji.

Laraba, 15 ga Janairu

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yau na ƙarar da memori da gangan.

Allon kulle girmansa ƙayyadadde ne, ana yanka shi lokacin da saba ta tashi. A PostgreSQL ma haka ne. Saitin max_locks_per_transaction, wanda ke zuwa a kan 64, yana cikin abin da ake lissafa girman da shi, kuma in ya cika sai a ce memorin haɗaka ya ƙare. Neman kulle sabo yana buƙatar gurbi biyu a allon: ɗaya na abin da ake kullewa, ɗaya na alaƙar wannan ma'aikacin da shi. In na farko ya samu na biyu bai samu ba, namu yakan jefa kuskure ya bar na farko a wurin, babu mai shi, babu mai share shi. Wato duk lokacin da allo ya cika, sai ya ƙara ƙanƙancewa. Gyaran bai da wuya: in gurbi na biyu ya faskara kuma babu wani mai neman wannan kullen, a cire na farko kafin a jefa kuskure.

Na biyun ya fi damuna. Bayan an ba da kulle a allo, sai a je rubuta shi a littafi, littafin kuma in ya cika ana faɗaɗa shi da realloc. In faɗaɗawar ta kasa, an sake samun maraya irin na ranar Litinin ta wata ƙofa. A nan ban rubuta shara ba sam. Na sauya jerin ne: a faɗaɗa littafi tun kafin a taɓa allo. In za a kasa, a kasa tun hannu bai ɗauki komai ba. Bayan an ba da kulle, abin da ya rage rubuta lamba ce a gurbin da ke jira, ita kuwa ba ta kasawa.

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so duk ɓangaren ya koma kanta: duk abin da zai iya kasawa ya zo gaba, duk abin da ke canza allo ya zo baya, kada a cakuɗa.

Hanyar gwajin daga masu SQLite, wani rumbun bayanan daban, na aro ta. Ana sa neman memori na farko ya kasa, a gudanar da aikin, a duba. Sannan na biyu, sannan na uku, har a kai inda aikin ya kammala ba tare da an iso wurin kasawar ba. Bayan kowane zagaye ina kiran wani sabon fankshan mai ƙirga allo: adadin masu nema ya yi daidai da masu riƙewa da masu jira, kowace alama tana da mai ita, kowane gurbi yana da wanda zai ce nawa ne.

Asabar, 18 ga Janairu

Ƙaramin abokin aikina ya turo saƙo da hantsi: “Yaya, gwajin jiya a wurina yana faɗuwa, kai kuma ka ce ya wuce.” Na ce ya turo mini yadda ya gina. Shi da -O2 ya gina, wato ya bar kompaila, manhajar da ke mayar da kod yaren na'ura, ya gyara kod don sauri, kamar yadda ake ginawa don shago. Ni da -O0, wanda ba a yin wannan gyaran, nake aiki saboda sauƙin bin sawu da gdb.

A cikin fankshan ɗin nema akwai ƙaramar tuta mai cewa sakata na hannu ko ba ta hannu. Tana farawa da sifili, a kira setjmp mai alamta wurin da longjmp zai dawo, a kama sakata, a mayar da ita ɗaya. In kuskure ya dawo da mu ta longjmp, a duba tuta; in ɗaya ce a saki sakata. Sai dai ƙa'idar yaren C ta faɗa a sarari cewa canjin da aka yi wa irin wannan tutar ta cikin fankshan tsakanin setjmp da longjmp ba abin dogaro ba ne, sai in an ayyana ta da volatile, kalmar da ke tilasta a riƙa karanta ta da rubuta ta a memori. A -O0 tana zaune a memori, don haka ɗayan na nan. A -O2 kompaila ya ajiye ta a rajistar firosesa, ɗan ma'ajin da ke cikin firosesar kanta, tsallen ya dawo da tsohuwar ƙimar, sifili. Shara ta ce sakata ba ta hannu, ta wuce ta bar ta a garƙame. Wanda ya zo neman kulle a wannan sashen na allo ba layin kulle ma zai shiga ba, a bakin ƙofa zai tsaya.

Kompailan GCC yana da gargaɗin -Wclobbered don wannan, yana kuma cikin -Wextra. Ba mu taɓa kunna shi ba. Na kunna, ya nuna wasu wurare a wajen ɓangaren kulle, na rubuta su a gefe.

Sa volatile zai isa, masu PostgreSQL ma abin da suka ce a yi ke nan a bayanin PG_TRY. Ni dai ban natsu da tutar da sai kowa ya tuna da ita ba. Na cire ta, na sa kowane ma'aikaci ya riƙe jerin sakatun da ke hannunsa a wuri guda: kamawa ta ƙara, saki ya rage, warware dami kuma ya fara da sakin duk abin da ya rage a jerin. LWLockReleaseAll ke nan a wurin masu PostgreSQL. Daga yau gwaji yana tafiya a kan gini biyun. Yaron ya kyauta da bai yi shiru ba, na kuma faɗa masa.

Talata, 21 ga Janairu

Yau karatu kawai. Na bi duk abin da shara ke kira, ina neman wanda shi ma zai iya jefa kuskure. Na sami guda: layin da ke rubuta saƙo a rajista yana neman memori don haɗa jimlar. In memori ne ya ƙare tun farko, shara za ta faɗi a tsakiya, a sake tsalle, a dawo kanta. Na mayar da saƙon zuwa bayan an gama komai. Na kuma toshe sigina daga farkon shara zuwa ƙarshenta, domin mai danna fasa sau ɗaya yakan danna sau uku.

Juma'a, 24 ga Janairu

Layin da na ƙara ranar 9 ga wata kuskure ne, kuma ya fi wanda na zo gyarawa haɗari. Alhamdu lillahi bai kai shago ba.

Ga yadda abin yake. Yawancin kulle-kullen da ake nema ƙanana ne, na karatu da na rubutu, waɗanda ba sa karo da juna. Don kada kowa ya yi ta cunkoso a sakatar allo, akwai hanyar yanke: ma'aikaci ya rubuta ƙaramin kulle a 'yan guraben da aka ware masa, ba tare da ya je babban allo ba. Robert Haas ne ya kawo wannan dabara cikin PostgreSQL 9.2 a 2012, da gurbi 16 ga kowane ma'aikaci. Sharaɗin bin yanke shi ne babu mai riƙe ko neman babban kulle a kan teburin. Ana sanin haka ta wani maƙirgi. A wurinsu jerin maƙirgai 1024 ne da ake rarraba tebura a kansu. Mai neman babban kulle yakan fara ƙara ɗaya a maƙirgi, wanda ke rufe yanke ga sababbin zuwa, sannan ya zaga ya kwaso ƙananan da aka riga aka rubuta a gurabe ya kai su allo, sannan ya nemi nasa.

Tsohon kod ɗinmu in kuskure ya faɗo bayan an ƙara, ba ya ragewa. Illar wannan nauyi ce: yanke ya rufe har a sake kunna saba, kowa ya koma cunkoso, amma lissafi bai ɓaci ba. Ni kuma na sa a rage duk lokacin da aka fasa neman babban kulle. Da na haɗa da gyaran ranar 13, sai ga hali inda ake ragewa sau biyu: shara ta rage, sannan ta rubuta kullen a littafi, sannan saki ya sake ragewa. In maƙirgi na kan ɗaya, ya sauka sifili ya zarce ya koma 4294967295, domin lamba ce marar alamar ragi. Yanke ya rufe ke nan. In kuwa yana kan biyu saboda wani ma yana neman keɓewa, sai ya koma sifili alhali wancan na nan. Yanke ya buɗe. Mai karɓar kuɗi ya sayar da kaya a tsakiyar rufe lissafin yini, ba tare da allo ya sani ba. Ba za a ga tsayawa ba, ba za a kira ni ba. Sai bayan kwanaki mai sito ya ƙirga katan ya ga bai yi daidai da takarda ba, a fara kallon yaran shago da zargi. Wannan ne ya hana ni barci jiya. Tsayawar allo kowa ya san laifin na'ura ne. Giɓi a sito kuwa a kan mutum yake sauka.

Mai ƙirga allo ne ya kama shi, bayan na koya masa duba maƙirgi shi ma.

Gyaran shi ne maƙirgi ya zama yana da mai shi. A shafin kowane kulle cikin littafi na sa tuta mai cewa ni na ƙara ɗaya kuma ban mayar ba. Fankshan guda ne kaɗai ke ragewa, yana duba tutar, ya rage, ya sauke ta a ƙarƙashin sakata ɗaya. Ko an kira shi sau goma, sau ɗaya zai yi aiki. A lock.c tutar sunanta holdsStrongLockCount, ga kuma BeginStrongLockAcquire da FinishStrongLockAcquire da AbortStrongLockAcquire. Na sha wuce su a karatu ina ganin kamar sun yi yawa ga ƙara ɗaya da rage ɗaya. Yanzu na ga aikin kowanne. Na kuma sa saba ta tsaya da ƙara a ginin gwaji idan aka nemi rage maƙirgin da ke kan sifili.

Laraba, 29 ga Janairu

Wannan ba a allon kulle yake ba, amma danginsu ɗaya.

Saba tana riƙe kulle a kan babban fayil ɗin bayanai da fcntl, hanyar kulle fayil a Linux, domin kada manhajar gyara ta buɗe shi ta yi rubutu alhali shago na aiki. Ina gwada kasawar faifai, sai na duba /proc/locks na ga layinmu ya ɓace, saba kuwa tana nan da ranta.

Irin wannan kullen na POSIX yana da hali da ya daɗe yana cizon mutane. Na ma'aikaci ne gaba ɗaya, ba na hannun da ya buɗe fayil ba, wato lambar riƙo da ake ba shi a kowace buɗewa. In ma'aikacin ya buɗe fayil ɗin sau biyu ya rufe ko da guda ɗaya daga ciki, duk kullen da yake riƙe a kan fayil ɗin sun tafi, shiru. Masu SQLite sun sa wannan cikin jerin hanyoyin da rumbu ke lalacewa, kuma a kod ɗinsu sukan jinkirta rufe hannu har sai an saki kulle. A namu, fankshan mai duba kan fayil kafin kwafin ajiya yana buɗe hannu na biyu. In ya yi nasara yakan ajiye shi don gobe. In karatu ya kasa sai ya rufe, kamar yadda kowane mai tsafta zai yi. Tsaftar ce ke zubar da kullen.

Na koma F_OFD_SETLK, wanda Linux ya samu a 3.15, shekarar 2014. Shi yana manne ne da buɗewar da aka yi, rufe wani hannun daban ba ya taɓa shi. Sai dai yana bin fork, hanyar da saba ke haifar ma'aikata, don haka 'ya'yan saba suna gadonsa, kuma ba zai sauka ba sai duk sun rufe. Na sa kowane ma'aikaci ya rufe wannan hannun da zarar an haife shi, in ba haka ba uwa za ta mutu ɗa guda ya hana sabuwa tashi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Jiya bayan la'asar, da shago a rufe, muka ɗora sabon gini. Mun yi kwafin ajiya biyu tukuna, ɗaya a faifan waje. Mai lissafi ya zo da kansa. Na roƙe shi ya fara rufe lissafi yayin da rahoto ke tafiya, ya danna fasa, ya sake, ya sake. Hajiya tana ƙasa tana buga rasit na gwaji, firinta na ta fitarwa ba tsayawa. Ta ɗago murya ta ce, “Malam, tana tafiya.”

Na bar mai ƙirga allo a kunne a shagon, sau ɗaya kowace sa'a, yana rubuta abin da ya gani a rajista ba tare da ya gyara komai ba. Na kuma roƙe su, in allo ya sake tsayawa, kada a kashe saba sai an kira ni. Na rubuta umarni guda a takarda na manna a jikin akwatin, wanda ke juye allon kulle cikin fayil kafin a kashe.

Saura uku. Wuraren da -Wclobbered ya nuna a wajen ɓangaren kulle. Halin da ma'aikaci ya mutu farat ɗaya yana riƙe da sakata, inda babu shara da za ta gudana. PostgreSQL a irin wannan yakan sallami duk ma'aikata ya sake gina memorin haɗaka, ina ganin mu ma haka za mu yi maimakon ƙoƙarin ɗinke allon da ba mu san inda aka tsaya da shi ba. Sai maganar da na fara yi wa mai shagon, cewa rumbun nan ya kamata wata rana ya koma PostgreSQL ɗin kansa. Ya ce a bari sai bayan azumi. Gobe zan fara da mutuwar ma'aikaci: kill -9, umarnin kashe shi nan take, a wurin tsayawar da na dasa ranar 13.